Takardar amanar mahaifina ta ɓace: shin zan iya karɓar riƙon dukiyar?

Tambaya: Mahaifina ya rasu makonni uku da suka wuce a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ya daɗe yana zaune. Tun yana da rai ya gaya mini cewa ya sanya gidansa da asusunsa na banki a cikin amana, kuma ni ya rubuta in karɓi riƙonta a bayansa. Mahaifiyarmu ta riga shi rasuwa. Mun bincike gidan kaf ba mu ga takardar amanar ba. Banki ya ce ba zai saurare ni ba sai na kawo ta, ga 'yan'uwana, biyu a nan biyu a Kano, suna tambayar yaushe za a yi rabo. Shin amanar ta rushe ke nan? Me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɓacewar takarda ba ta rushe amana, domin amanar ta kafu ne tun ranar da mahaifinku ya sa hannu ya kuma mayar da dukiyarsa cikinta, takardar kuwa shaida ce ta abin da ya riga ya faru. Abin da ɓacewar ta raba ki da shi abu biyu ne: hujjar cewa ke ce aka naɗa, da hujjar yadda ya ce a raba dukiyar. Har sai kin samo waɗannan biyun, ko dai ta hanyar gano kwafi ko ta hanyar umarnin kotu, aikinki shi ne tsare dukiyar, ba raba ta ba.

Irin amanar da kike magana a kanta ita ce wadda mutum ke kafawa yana raye, ya kasance shi ne mai kafawa, shi ne amintaccen da ke riƙe da dukiyar, kuma yana da ikon sauya ta ko soke ta duk lokacin da ya so. Da ya rasu sai ta zama tabbatacciya, riƙonta kuma ya koma hannun wanda ya ambata. Mutane suna yin ta ne musamman don dukiyarsu ta isa ga magada ba tare da an bi ta kotun gado ba. Wannan amfani nata shi ne kuma tushen matsalarki, domin a Kalifoniya babu wani ofishin gwamnati da ake yi wa irin wannan amana rajista ko ake ajiye kwafinta, saboda haka babu wurin da za ki je ki biya kuɗi a ciro miki ita.

Akwai bambanci babba tsakanin ɓacewar ainihin takardar da aka sa wa hannu da ɓacewar kowane irin kwafi, kuma mutane da yawa suna tayar da hankalinsu ne a kan na farko alhali shi ne mai sauƙi. Idan kika samu cikakken kwafi mai ɗauke da sa hannun mahaifinku, ko da hoto ne ko wanda aka ajiye a kwamfuta, yawanci za ki iya gudanar da amanar da shi. A nan amana ta sha bamban da wasiyya. Sashe na 6124 na Dokar Gado ta Kalifoniya ya ce idan wasiyya tana hannun mai ita a ƙarshe, yana cikin hankalinsa har ya rasu, aka kuma neme ta aka rasa, to za a ɗauka shi ne ya lalata ta da nufin soke ta, sai in an kawo hujjar akasin haka. Wannan sashe a kan wasiyya yake magana. Soke amana yana da nasa tsarin a sashe na 15401: ko dai a bi hanyar da takardar amanar ta shimfiɗa, ko mai kafawa ya rubuta takardar sokewa, ya sa hannu, a miƙa ta ga amintacce yana raye. Saboda haka idan wani ya ce miki ai tunda ba a ga takardar ba marigayi ne ya yage ta, wannan magana ita kaɗai ba ta isa ba, ko da yake yana iya kai ta gaban alƙali a matsayin ja-in-ja.

Kafin a je kotu sai a yi bincike na gaske, kuma a nan nake so ki fi ba da ƙarfi, domin yawancin irin wannan matsala a wannan mataki take warwarewa. Ki fara da takardar mallakar gidan, wadda ke ajiye a ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake, kuma kowa yana da damar neman kwafinta. Idan mahaifinku ya mayar da gidan cikin amanar, takardar za ta nuna sunansa a matsayin amintacce, da cikakken sunan amanar, da ranar da aka kafa ta. Ki duba saman shafin farko, inda ake rubuta wanda ya nemi a yi rajistar da wanda za a mayar wa takardar bayan an gama. Sau da yawa sunan lauyan da ya shirya amanar ne a wurin. Ki duba ƙasan takardar kuma, za ki ga sunan notari, wato jami'in da ya shaida sa hannun. Dokar jihar ta wajabta wa kowane notari ya riƙe littafin da yake rubuta duk sa hannun da ya shaida, da rana da irin takardar, kuma idan ya bar aikin ko ya rasu ana miƙa littafin ga magatakardan gunduma. Littafin ba zai gaya miki abin da amanar ta ƙunsa ba, amma yana iya tabbatar da cewa a rana kaza mahaifinku ya sa hannu a takarda kaza.

Lauyan da ya rubuta amanar shi ne mafi muhimmanci. Ko da ya miƙa wa mahaifinku ta asali, galibi yakan riƙe kwafi, ko daftari a kwamfutarsa, ko bayanan da ya rubuta lokacin da suke tattaunawa. Idan ofishinsa ya rufe, shafin intanet na ƙungiyar lauyoyin jihar yana nuna matsayin kowane lauya da adireshinsa na ƙarshe, kuma lauyan da ya yi ritaya yakan miƙa fayilolinsa ga wani. Kada ki yi mamaki idan ya fara da cewa sirri ne tsakaninsa da wanda ya yi wa aiki. Ki kai masa takardar shaidar rasuwa, ki rubuta buƙatarki a takarda, domin Dokar Shaida ta jihar ta ɗage wannan sirri a inda ake neman sanin nufin mamaci game da takardar da ta shafi dukiyarsa.

Bayan lauya, sai ki koma ga duk wata cibiya da mahaifinku ya yi hulɗa da ita da sunan amanar. Bankin da ya ƙi saurarenki shi kansa wuri ne na farko, domin ba ya buɗe asusu da sunan amana sai an ba shi wani abu, ko dai wasu shafuka na takardar, ko taƙaitacciyar shaidar amana. Ki tambayi sashen da ke kula da asusun mamata abin da ke cikin fayil ɗinsu, kada ki tsaya ga ma'aikacin kanta. Haka kamfanin hannun jari idan yana da asusu, da kamfanin inshorar rai, da akantan da ke cika masa takardun haraji. Idan ya taɓa sabunta bashin gidan bayan kafa amanar, mai ba da bashin da kamfanin da ya tantance mallakar gidan sukan nemi kwafi, wani lokaci cikakke. Idan yana da akwatin ajiya a banki kuma makullin yana hannunki, sashe na 331 na Dokar Gado ya ba ki damar zuwa da takardar shaidar rasuwa da katin shaidarki, a buɗe a gaban ma'aikacin banki, ki ɗauki wasiyya da takardun amana bayan banki ya yi hotonsu. Sai kuma imel ɗinsa da wayarsa da kwamfutarsa, da aminansa na masallaci ko na ƙungiyar 'yan gida, domin dattawanmu sukan ba aboki ajiyar takarda ba tare da sun gaya wa 'ya'yansu ba. Ki tambayi na Kano ma, ko ya taɓa barin wata ambulan a can a wata tafiya.

Duk wanda kika tambaya, ki rubuta rana da sunansa da amsar da ya ba ki, ki kuma adana wasiƙun. Wannan rubutu shi ne zai zama hujjarki a gaban alƙali cewa an nema da gaske an rasa, ba ɓoyewa aka yi ba.

Idan kika ci karo da wasiyya a cikin binciken, kada ki ajiye ta a gida. Sashe na 8200 ya ɗora wa wanda wasiyya ke hannunsa ya miƙa ta ga magatakardan babbar kotun gunduma cikin kwana 30 daga sanin rasuwar. Ki karanta ta da kyau kafin ki miƙa, domin mai kafa amana yakan haɗa da gajeriyar wasiyya da ke cewa duk abin da ya rage a wajen amana a zuba shi cikinta, kuma irin wannan wasiyya tana ambaton sunan amanar da ranarta, sau da yawa kuma mutumin da aka naɗa wasiyyi shi ne aka naɗa amintacce. Wani abin lura shi ne, kwafin da kika fara samu ba lalle ne ya zama na ƙarshe ba. Mutane suna yin gyare-gyare, wasu ma su sake rubuta amanar gaba ɗaya da tsohon suna da tsohuwar rana. Idan kwafin lauya ya ce abu ɗaya, shaidar da ke banki ta nuna an yi gyara bayan shekaru, to binciken bai ƙare ba.

A yayin da kike nema, akwai abin da ya dace ki yi da abin da bai dace ba. Ki tabbatar inshorar gidan ba ta yanke ba, ki sanar da kamfanin cewa mai gidan ya rasu, musamman idan babu kowa a ciki, ki ga cewa ana biyan bashin gidan da harajinsa, ki kulle, ki ɗauki hoton kayan da ke ciki. Idan kika biya wani abu daga aljihunki, ki riƙe rasit domin a mayar miki daga baya. Amma kada ki cire kuɗi da katin bankinsa ko da kin san lambar sirrin, kada kuma ki yi amfani da takardar wakilcin da ya taɓa ba ki, domin ikonta ya ƙare da rasuwarsa. Kada ki ba kowa mota ko zinare ko wani kaso a kan cewa ai Baba ya faɗa. Amintaccen da ya raba dukiya ba bisa sharuɗɗan amana ba, daga baya takarda ta fito ta saɓa, shi ne zai iya biya daga dukiyarsa, kuma kyakkyawar niyya ba ta cika kare shi ba.

Akwai wata hanya da za a iya nuna miki wadda nake so ki yi hattara da ita. Sashe na 18100.5 ya yarda amintacce ya gabatar wa banki taƙaitacciyar shaidar amana a maimakon cikakkiyar takarda: ta faɗi sunan amanar da ranarta, da wanda ya kafa, da amintaccen da ke aiki yanzu, da ikonsa, ba tare da bayyana rabon kowa ba. Wannan kayan aiki ne mai kyau ga wanda takardar ke hannunsa. Amma a cikinta za ki sa hannu a gaban notari cewa ke ce amintacciya kuma ba a soke amanar ko an sauya ta ta yadda zai ƙaryata abin da kika rubuta ba. Wanda bai taɓa ganin takardar ba ba shi da abin da zai dogara da shi ya faɗi haka. A ganina, sa hannu a irin wannan shaida bisa maganar baki kaɗai kuskure ne, ko da banki zai karɓa. Haka batun takardar rantsuwar rasuwar amintacce da ake kai wa ofishin rajistar filaye don a mayar da gidan sunan sabon amintacce: ki jira sai kin samu madogara.

Sai batun sanarwa, wanda mai yiwuwa lokacinsa ya riga ya fara tafiya. Sashe na 16061.7 ya wajabta wa amintacce ya aika sanarwa a rubuce cikin kwana 60 ga duk masu cin gajiyar amanar da duk magadan mamaci, ko da ba a ba su komai a ciki ba. Dokar ta ce idan rasuwar ta bar kujerar amintacce babu kowa, lissafin yana farawa ne daga ranar da sabon amintacce ya fara aiki, amma ni shawarata ki ƙirga daga ranar rasuwa don ki kasance cikin aminci. 'Yan'uwanki na Kano suna cikin waɗanda za a aika wa; zamansu a Najeriya bai rage musu haƙƙi ba. Sanarwar tana gaya wa mutum cewa yana da damar neman cikakken kwafin sharuɗɗan amana, kuma yana da kwana 120 daga aika ta idan zai ƙalubalanci amanar a kotu. Tunda ba ki da kwafin da za ki bayar, wannan wuri ne da ya kamata lauya ya tsara miki lafazin. Ko kafin ta hukuma, ki gaya wa 'yan'uwanki gaskiya yau: takarda ta ɓace, ga inda aka duba, ga abin da ya rage. Ɓoye wannan labari shi ne yake haifar da zargi, kuma zargi tsakanin 'yan'uwa ya fi ɓacewar takarda tsada a kotu.

Idan bincike ya ƙare ba a samu cikakken kwafi mai sa hannu ba, hanyar da ta rage ita ce babbar kotun gunduma, sashen gado. Sashe na 17200 ya ba amintacce ko mai cin gajiya damar shigar da buƙata don kotu ta tabbatar da wanzuwar amana, ta tantance sharuɗɗanta da masu cin gajiyarta, ta kuma naɗa amintacce. Ana sanar da duk masu ruwa da tsaki aƙalla kwana 30 kafin zaman, kuma sashe na 17206 ya ba alƙali ikon naɗa amintacce na wucin gadi, abin da ke da amfani idan akwai bashin gida da ake bukatar biya daga asusun da aka rufe. Dokar Shaida, a sashe na 1521 da 1523, ta yarda a tabbatar da abin da takarda ta ƙunsa ta wata hujja daban, har da shaidar baki, idan ta ɓace ba da nufin zamba daga mai kawo hujjar ba. Kotun ƙolin jihar, a shari'ar Dart Industries ta 2002 wadda ta shafi takardar inshora da ta ɓace, ta yanke cewa ba sai an kawo lafazin takardar kalma da kalma ba, ya isa a tabbatar da ainihin abin da ta ƙunsa. Wannan ƙa'ida ce ke ba daftarin lauya da bayanansa da shaidarsa nauyi.

Hujjoji ba ɗaya suke ba. Daftari marar sa hannu daga kwamfutar lauya, haɗe da rantsuwarsa cewa shi ne aka sa wa hannu, da littafin notari mai nuna ranar, da takardar mallakar gida mai sunan amanar, wannan hujja ce mai ƙarfi. Shaidar da ke banki mai ambaton sunanki tana iya isa a naɗa ki, amma ba za ta faɗi rabon kowa ba. Maganar da mahaifinku ya gaya miki da baki ita ce mafi rauni, ba don ana zarginki da ƙarya ba, sai don kina cikin masu amfana. Dokar Gado ma ta nuna wannan tsanani: sashe na 15206 ya buƙaci rubutu ga amanar da ta shafi gida ko fili, sashe na 15207 kuma ya ce amanar baki a kan sauran dukiya sai da hujja bayyananna mai gamsarwa, kuma furucin mai kafawa shi kaɗai bai isa ba. Idan dukkanku kun yarda da abin da aka gabatar kuka sa hannu, aikin alƙali yakan yi sauƙi ƙwarai.

Ya kamata ki san abin da zai faru idan aka kasa tabbatar da sharuɗɗan. A irin wannan hali ana ɗaukar dukiyar ta koma cikin abin da mamaci ya bari da sunansa, sai a bi ta kotun gado. Wasiyyar da ta ce a zuba komai cikin amana ba za ta yi amfani sosai ba idan ba a san abin da amanar ta ce ba, don haka ana iya ƙarewa da rabon da dokar jihar ta tanada ga wanda bai bar wasiyya ba, wanda a halinku, tunda babu mata a raye, yake raba wa 'ya'ya daidai-wa-daida, mace da namiji. Wannan ya shafi Musulmi kai tsaye, domin da yawa daga cikin masu kafa amana a Amurka suna yi ne don a raba dukiyarsu bisa ƙa'idar gadon Musulunci, abin da dokar jihar ba za ta yi da kanta ba. Idan wannan ne nufin mahaifinku, ki tambayi limamin masallacinsu ko an taɓa lissafa masa rabon a rubuce, domin irin wannan takarda tana iya ƙarfafa daftarin lauya. Idan kuma aka kai ga rabon jihar, magada baligai suna iya yarjejeniya a tsakaninsu su sake daidaita kasonsu, amma a yi shi a rubuce da shawarar lauya saboda batun harajin kyauta, kuma ba a sarayar da haƙƙin yaro ƙarami sai da izinin kotu.

Ta fuskar kuɗi, bambancin ba ƙarami ba ne. A kotun gado ta Kalifoniya doka ce ta yanka ladan lauya: kashi 4 cikin ɗari na dala 100,000 na farko, kashi 3 na dala 100,000 na biyu, kashi 2 na dala 800,000 da ke biye, kuma ana lissafi ne da darajar dukiya gaba ɗaya ba tare da cire bashin gida ba. Dukiyar dala 900,000 ke nan za ta ci dala 21,000 ga lauya, mai kula da gadon ma yana da damar karɓar daidai wannan. Buƙatar tabbatar da amana a ƙarƙashin sashe na 17200, idan babu mai ja, yawanci ba ta kai nan ba a kuɗi ko a lokaci. Shi ya sa nake ganin ya dace ki nemi lauyan da ya ƙware a amana da gado a gundumar da mahaifinku ya zauna cikin wannan makon, ki je masa da takardar shaidar rasuwa, da kwafin takardar mallakar gidan, da bayanan asusun banki na watannin baya, da jerin wuraren da kika riga kika duba. Da zarar an tabbatar da ke, sai ki nemo wa amanar lambar harajinta daga hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, da fom na SS-4, domin lambar harajin mahaifinku ba ta ƙara aiki a kanta bayan rasuwarsa, ki buɗe asusu da sunan amanar, a biya basussuka da haraji, sannan a zo kan rabon da 'yan'uwanki ke tambaya.